Littafin da muka rubuta da Baba tun yana da bakin magana

Ranar farko da na ɗauko maganar ko rufe baki ban yi ba Umma ta katse ni, tace bakinki ya sari ɗanyen kashi, mutum na zaune da ransa yana shan kunu ki zo kina masa zancen wasiyya, wannan wane irin rashin ta ido ne. Baba bai ce uffan ba, ya dai ajiye ludayin ya kalle ni ya kalli Umma, sannan yace a miƙo masa buta. Na fito jikina a sanyaye, a cikin adaidaita har na isa gida hawaye nake sharewa da gefen hijabi, ina tambayar kaina ko mugun fata na yi wa mahaifina ban sani ba.

Amma wallahi ba haka kawai na tashi da zancen ba. Baffanmu, wan Baba, yana cikin dattawan da suka rasu a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin nan da aka kulle gari saboda korona kullum sai ka ji wane ya tafi, wane ma ya tafi. Zazzaɓin kwana biyu ya yi shikenan. Ko layi ɗaya bai bari a rubuce ba, komai a kansa yake. Ba a yi sadakar bakwai ba mutane suka fara sallama, wannan yace yana binsa kaza, wancan yace filin nan na bayan gari ai tare suka saya, kuma ba shaida ba takarda, ba ka isa ka ce ƙarya ne ba kuma ba ka isa ka ce gaskiya ne ba. 'Ya'yansa ɗaki biyu suka ja daga, magana ta kai kotu aka fi shekara biyu ana jeka ka dawo, mutanen da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya suka daina zuwa sunan juna. Baba ne ya yi ta zirga-zirga a tsakani, na ga yadda abin ya cinye shi.

To sai ga shi shi ma jiki ya fara. Dama ya daɗe da hawan jini da ciwon suga, a 2022 ƙafafunsa suka fara kumbura, abinci ya daina shiga sai tashin zuciya, aka yi gwaji aka ce ƙoda ce, kuma duka biyun sun yi nisa. Shekararsa 77 a lokacin. Mu tara ne a raye, maza huɗu mata biyar, ɗaki biyu, ga Autanmu shekararsa 15 kacal. Kowa ya san abin da ke gabanmu amma in an haɗu sai dai a ce jiki da sauƙi, cuta ba mutuwa ba ce, Allah ya ƙara afuwa, a tashi.

Dalilin da yasa ni ce na yi ƙarfin halin kuwa, sunan mahaifiyarsa aka sa min, Uwata yake ce min tun ina goye, akwai abin da zan faɗa masa ya yi dariya wanda in wani ne ya faɗa sai ransa ya ɓaci. Yaya Babba kuwa ɗan fari ne, ko sunansa Baba ba ya faɗa, in suka zauna daga gaisuwa sai ya hanya sai ya iyali, kowa ya sunkuyar da kai. Irin wannan kunyar tamu kyakkyawa ce, amma a maganar nan ta kusa cutar da mu.

Da na ga na kwafsa a karon farko sai na canza hanya. Na je wajen amininsa, limamin masallacin unguwarmu, tare suka yi makarantar allo. Na durƙusa nace Allah gafarta Malam ga abin da ke damuna, ga kuma yadda muka yi da Umma. Yace in bar masa. Bai je a matsayin ɗan aike ba, dubiya ya je bayan la'asar, ana cikin hira ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa duk ta sha ninki yace Alhaji kaga tawa, duk watan Sha'aban nake sabunta ta, bana ma na goge bashin mai hatsi na sa na mai gyaran rufi. Sannan ya kawo hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamaci Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wajensa. Baba ya san hadisin sarai, ya sha ji a karatun tsakanin magariba da isha, sai dai jin abu a karatu daban, a ce maka ɗauko biro kuma daban. Umma na bakin ƙofa tana ji, Malam ya juya yace mata Hajiya gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, rubutu ba ya jawo ajali kuma ƙin rubutu ba ya kore shi.

Bayan kwana uku wayata ta yi ƙara da sassafe. Uwata, in za ki zo ranar Asabar ki taho da littafi mai bango mai ƙarfi, da biro biyu.

Asabar biyar muka yi muna zama, daga hantsi zuwa azahar, in ya gaji mu tsaya. Da bashi ya fara, yace shi ne abin da ke hana shi barci, don ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Baba ɗan kasuwar Kantin Kwari ne fiye da shekara arba'in, kuma duk wanda ya san Kwari ya san rabin cinikin da baki ake yinsa, a ɗauki dila a ce sai an sayar, a kawo rabi a ƙara ɗaukar wani. Muka raba littafin gida uku, waɗanda ke binsa, waɗanda yake bi, sai ajiyar mutane da ke hannunsa. A nan na sha mamaki. Ashe akwai kuɗin wasu marayu na unguwa a wajensa da yake juya musu, ashe takardar gidan wata gwaggonmu a akwatinsa take ba nasa ba ne, ashe gonar ƙauye da muke cewa gonar Baba jingina ce, ranar da masu ita suka kawo kuɗi sai a ba su abarsu. Da ya tafi a haka wallahi da mun raba haƙƙin mutane mun ci muna ganin halak ɗinmu ne. Cikin masu bashinsa kuma akwai mutum shida da yace in ja layi a kan sunayensu, ya yafe, kar wanda ya tunkare su, kuma kar a gaya wa kowa su waye. Wani wajen sai ya yi shiru ya rufe ido yana lissafi da yatsu, can ya ce rubuta, mai shayin bakin layinmu, ban biya shi na watan da na kwanta ba.

Maganar banki ma sai da aka warware mana ita. Baba a tunaninsa tunda sunan Yaya ya bayar a banki a matsayin makusancinsa, ranar da ta Allah ta kasance kawai zuwa zai yi ya kwaso. Mijin ƙanwata lauya ne, yace ba haka abin yake ba, wannan sunan na wanda za a nema ne kawai, ba ya mai da mutum mai dukiya, banki sai ya ga takardar shaidar rasuwa da takardar kotu kafin ya saki ko sisi. Ya kuma ja mana kunne kar wanda ya ɗauki katin Baba ya ciri kuɗi bayan rasuwa ko da niyyar alheri ne, don daga wannan lokacin kuɗin na magada ne har da yaron da bai balaga ba. Muka rubuta bankunan da lambobin asusun, da inda takardar gida da ta shago suke, muka yi fotokwafi.

Asabar ta uku ce mai nauyi, ita Malam ya zauna da mu. Abin da ke cin Baba a rai Anti ce, amaryarsa, ita ce mai ƙananan yara, yana tsoron a sayar da gida a bar ta da kaya a waje. Yace in rubuta sashen da take ciki nata ne ita da Auta. Malam ya girgiza kai yace Alhaji wannan ba zai yiwu ba, babu wasiyya ga magaji, Allah ya riga ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, matanka biyu tumuni za su raba tsakaninsu, sauran na 'ya'ya ne namiji rabon mata biyu. Baba yace to in kyauta na ba ta fa tun yanzu? Malam yace kyauta ana yinta ne mutum na da lafiyarsa kuma a damƙa wa wanda aka ba ya karɓa, amma wadda aka yi a ciwon da ake jin tsoronsa hukuncin wasiyya take ɗauka, ga kuma zancen adalci tsakanin 'ya'ya. Na ga ran Baba bai so ba, ya daɗe yana kallon silin. Daga ƙarshe abin da aka yi shi ne ya tara mu gaba ɗaya ya roƙe mu, yace ba umarni ba ne roƙo ne, kar a sayar da gidan sai Auta ya gama karatu, kowa ya san rabonsa a takarda amma a bar rufin a kansu. Duk muka amsa, aka rubuta aka sa hannu.

Inda wasiyyar ta yi aiki sosai shi ne kan 'ya'yan marigayi yayanmu da ya rasu a haɗarin mota shekarun baya ya bar yara uku. Ni da kaina ban san ba su da gado ba sai ranar, tunda ubansu ya riga kakansu tafiya kuma ga baffanninsu maza a raye. Malam ya ba mu labarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas da ya kwanta ciwo a Makka shekarar hajjin bankwana, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa Annabi (SAW) yace a'a, yace rabi yace a'a, yace sulusi, yace sulusin dai, sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. To a cikin sulusin nan Baba ya yanka wa jikokin nasa kaso mai kyau, ya ware wani na gyaran rijiyar masallaci, bai ma cike sulusin ba. Ya naɗa Yaya Babba wasiyyi a kan rabon Auta da na jikokin har su yi hankali. Malam da wani maƙwabcinmu suka sa hannu a matsayin shaidu tunda su ba magada ba ne.

Ni a zatona maganar dukiya ce za ta fi wuya. Ashe ta jinya ce.

An riga an fara masa wankin ƙoda. Likita yace sau uku a sati ya kamata, mu sau biyu muke iyawa saboda kuɗin ba na wasa ba ne, kowane zama awa huɗu yana kwance jini na fita ta bututun da aka sa masa a wuya yana zagayawa cikin inji yana dawowa. In muka dawo gida kamar an matse tsumma, ko magana ba ya iyawa sai washegari. Yaya tun farko ya ja likita gefe yace don Allah kar a gaya masa gaskiyar yadda abin yake, kar ya karaya, kuma na san da ƙauna ya faɗa, haka yawancinmu muke yi, mai ciwo shi ne na ƙarshen sanin abin da ke jikinsa. Amma tunda muka fara littafin nan Baba ya canza. Ranar wani zuwa asibiti da bakinsa yace likita ina da tambaya kuma kar ka duba fuskar yaran nan, ni ka duba. Wankin nan warkarwa yake ko jinkiri ne? Likitan, Allah ya saka masa da alheri, ya jawo kujera ya zauna yace Baba injin yana yin aikin da ƙodar ta daina ne, ba ya gyara ta, abin da ke maye gurbinta dashe ne, kuma da shekarunka da yadda zuciyarka take ba zan ba ka shawarar dashe ba. Baba yace Alhamdulillah, na gode da ka ɗauke ni babba.

Daren nan gurup ɗinmu na WhatsApp ya kama da wuta. Yaya dama ya fara tambayar asibitoci a Masar da Indiya, ƙaninmu ɗaya yace shi zai bada ƙodarsa, aka fara lissafin a sayar da shago da fili. Ni da nace a tsaya a ji ta bakin mai jikin sai aka ce na cika saurin sallamawa, wata 'yar uwata ta rubuto min cewa tun da na kawo littafin nan ta san na riga na binne shi. Maganar ta soke ni, har yau in na tuna sai na ji ta, amma na san tsoro ne ya sa ta faɗa, ita ma ubanta ne. Baba ne ya kashe wutar da kansa. Yace ba za ku sayar da rufin asirin ƙannenku ku kai ni ƙasar da ban san kowa ba, in kwanana ya ƙare a can wa zai laƙƙana min kalmar shahada, ku dawo da ni a akwati kamar kaya? Zan ci gaba da wankin muddin jikina na ɗauka, ranar da ya daina ɗauka ku kai ni ɗakina.

Sai muka koma wajen likita da tambayar da ba wanda ke son yi, in numfashi ya sarƙe ko zuciya ta tsaya me ake yi. Ya yi mana bayani dalla-dalla, ana danna ƙirji da ƙarfi har haƙarƙari kan iya karyewa musamman ga tsoho, a zura bututu ta maƙogwaro a haɗa da injin numfashi a ɗakin da ba a barin 'yan uwa su zauna, kuma ga mai irin ciwon Baba da wuya a tashi daga nan. Baba yace baya so. Ni kuma hankalina bai kwanta ba sai da na koma wajen Malam nace wannan ba kamar mun sa hannu a mutuwarsa ba ne? Yace a'a, a bambance abu biyu. A ba mutum abin da zai kashe shi don a hutar da shi haramun ne ba ja, ko shi ya roƙa. Amma barin wani magani da likitoci masana amintattu suka tabbatar ba zai amfane shi ba sai ƙarin wahala, malamai sun yi fatawa ba laifi, kuma ba a daina ba shi abinci da ruwa da maganin ciwo da kulawa ba. Muka rubuta a littafi da kalmomin Baba, muka roƙi likita ya sa a fayil ɗinsa. Aka kuma rubuta in ya kai ba ya iya magana Yaya ne mai yanke shawara, bayan ya ji ta bakin Umma da Anti da ni.

Akwai abin da ya yi da ban taɓa zato ba. Ya kira Umma da Anti tare yace ya ji a tarihi Annabi (SAW) da ciwonsa ya yi tsanani sai da ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha, to shi ma yana neman izini, ba zai iya zagayen kwana ba, a bar shi a turakarsa kowacce ta shigo ranar girkinta, in ya tauye wa wata haƙƙi a yafe masa. Umma da ta fi kowa ƙin zancen nan ita ta fara fashewa da kuka. Ya kuma faɗi abin da kunya ta hana mu tambaya, yace in ya kai ga ba ya iya kewayawa da kansa matansa da 'ya'yansa maza ne za su gyara shi, mu mata mu tsaya a abinci da magani da hira. Da bai faɗa ba da mun yi ta 'yan kame-kame muna ba shi kunya muna ba kanmu.

Jinyar gida aiki ne ba ƙarami ba, kar wanda ya ruɗe ku. Muka buɗe asusu kowa na zuba abin da ya iya duk wata, ni ke rubuta shiga da fita in tura gurup don kar zargi ya shigo. Muka yi jadawalin kwana na mazan, aka sa sola saboda fanka, wata nas a unguwa tana leƙowa tana duba shi, ita ta koya mana juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a riƙa duba ƙugu da diddige. Masu dubiya muka ce sai bayan la'asar, wasu sun ji haushi amma da ba a yi haka ba ko runtsawa ba zai yi ba. Kusan kowa kuma da jarkarsa ta sassaƙe yake zuwa, wai wane ya sha ya tashi, alhali likita ya gargaɗe mu jiƙe-jiƙen nan da duk abin da aka sa wa kanwa ƙara wa ƙoda nauyi suke. Baba ya sauƙaƙa mana, duk wanda ya kawo sai yace an gode Allah ya bada lada, a yi min addu'a dai, jarkar kuma ta tsaya a zaure.

Abin da ya fi karya min zuciya ruwa ne. An ƙayyade masa abin da zai sha a yini, a gora ɗaya muke aunawa mu ja layi da biro, ga zafin Kano na watan huɗu, leɓensa duk ya bushe ya tsage. Sai ya kalli gorar ya kalle ni yace Uwata ko maƙurwa ɗaya. Na koyi fasa ƙanƙara ƙanana-ƙanana in sa masa ɗaya a baki ya tsotsa a hankali, in jiƙa auduga in goga masa a leɓe. Mutumin da ya shekara arba'in yana ajiye randa a ƙofar shagonsa don masu wucewa.

Cikin watannin nan ya sa na rubuta sunayen waɗanda yake son neman yafiyarsu, ɗaya bayan ɗaya ina kira ina kara masa wayar a kunne. Wasu su yi ta cewa haba Alhaji ai ba komai, za ka tashi, shi kuma yace na ji, amma dai ka ce ka yafe. Ya aika aka kira 'ya'yan Baffa duka ɓangarorin biyu rana ɗaya ba tare da kowa ya san ɗayan zai zo ba, ya ce musu ni ne na ƙarshe da ya rage muku a wajen uba kuma ga ni a kwance, ku gaisa in gani. Sun gaisa. Ban ce komai ya wanke ba amma an gaisa, kuma duka sun zo jana'izarsa sun tsaya a sahu ɗaya.

Likkafaninsa ma shi ya zaɓa. Ya aiki yaron shagonsa ya yanko farin yadi, da aka kawo ya karɓa ya murza tsakanin yatsunsa kamar yadda na saba ganin yana yi a kasuwa, yace wannan da haɗin roba a ciki, a mayar a kawo alawayyo auduga zalla. Aka kawo ya murza yace yawwa. Ya sa aka naɗe da ɗan kafur aka sa a saman kwaba. Sannan ya faɗi sauran, Malam ne zai masa wanka da ƙannena biyu, shi zai sallace shi, a kai shi maƙabartar da ta fi kusa, kar a jira kowa ko waye, zaman makoki kwana uku, ba kafa rumfa a tare hanya ba ɗora tukwane kamar ana biki.

Da damina ta shigo jininsa ya fara faɗuwa a kan injin, sau biyu ana cire shi tun lokaci bai cika ba, na biyun sai da ya suma. Likita ya kira mu yace jikin ya daina ɗauka. Ba wanda ya yi musu a tsakar asibiti, ba wanda ya ɗaga murya, Yaya ya shiga ya durƙusa gefen gadon yace Baba lokacin da ka faɗa ne, Baba ya gyaɗa kai yace mu je gida. Aka rubuto mana magungunan rage ciwo da na tashin zuciya da na ƙaiƙayi, aka nuna mana yadda za mu ba shi. Kwana tara ya yi a turakarsa. Da yake mun san me ake ciki kusan kowa ya taho, na Abuja da na Kaduna da jikoki, ba wanda aka yi wa wayar tsakar dare. Barci ya yi ta ƙaruwa, magana na raguwa, aka sake masa ruwan ya sha yadda yake so duk da lokacin kaɗan yake iya haɗiya. Malam ya ce mana kar a dame shi da ka ce ka ce, a riƙa faɗin kalmar a hankali kusa da kunnensa, in ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi. Daren na tara wajen ƙarfe uku Umma na riƙe da hannunsa Yaya na gefen kansa, leɓensa ya motsa da ita, kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa. Ƙarfe tara na safe an kai shi. Ƙanwarmu da ke aure a Legas jirginta sai azahar ya sauka, ta yi kuka sosai amma ita ma ta san shi ya ce kar a jira. Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ranar uku da daddare Malam ya buɗe littafin a gaban kowa ya karanta. Aka fara da bashi, har mai shayin bakin layi sai da aka kai masa nasa, ya karɓa yana hawaye yace shi ya ma manta. Aka mayar wa gwaggo takardar gidanta, aka damƙa kuɗin marayu da ribarsu. Muka karɓo takardar shaidar rasuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya, aka je kotun shari'a aka fitar da wasiyya da tumunin su Umma, sauran aka kasa 13. Ba zan ce ba a ji ƙorafi ba, wani ƙaninmu ya ɗan yi gunaguni kan abin da aka ba jikoki, amma da aka nuna masa sa hannun Baba da nasa a ƙasa shiru ya yi. Umma kuwa har ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, littafin na ƙarƙashin filonta, nata dai har yau ta ƙi a rubuta, in na taɓo zancen sai tace ke dai Allah ya sa mu cika da imani, ni kuma ban fasa taɓowa ba.

Layi ɗaya ne ya rage ba mu ja ba. Wani mutumin Damagaram da ke sayen kaya wajen Baba shekaru da yawa da suka wuce ya biya kuɗin atamfa turmi ashirin yace zai dawo ya ɗauka, bai sake dawowa ba. Sunansa na farko kawai Baba ya riƙe da unguwar da yace yana zaune. Ya sa na rubuta cewa ba kuɗin wancan lokacin za a ba shi ba, turmi ashirin za a ba shi ko kuɗinsu a farashin ranar da aka same shi, ko shi ko magadansa. An ware kuɗin suna wajen Yaya. Duk direban da ke lodin Damagaram da muka sani mun ba shi sallahu, sau biyu ana kawo mana labarin mai irin sunan sai a tarar ba shi ba ne. Bayan sallar nan Yaya yace da kansa zai je.